Galan 15 a Wata Uku

Maƙwabcina a nan Alabama wani dattijo ne ɗan fansho, yana da shukar inabi a bayan gida. Duk Satumba sai ya tsinke, ya matse, ya ɗura a manyan kwalabe ya jera a gareji don ya zama giya. Ya san ba na sha, shi ya sa nawa rabon yake zuwa ɗanye a kwano. Ran nan na ce masa, hukuma ba ta hana ka? Sai ya yi dariya, ya shiga lissafo mini doka kamar mai karanta rasit.

Gwamnatin tarayyar Amurka ta yarda baligi ya haɗa giyar inabi ta shan gidansa har galan 100 a shekara, wato kusan jarka 15 mai lita 25. In baligai biyu ne ko fiye a gidan, galan 200. Sharaɗin shi ne kada a sayar ko kofi ɗaya. Amma maganar ba a Washington take ƙarewa ba. Tun 1933, da aka janye haramcin giya na ƙasa baki ɗaya wanda ya fara a 1920, tsarin mulki ya damƙa wa jihohi ikon tsara harkar barasa a cikin iyakarsu. Misisifi ba ta saki nata haramcin ba sai 1966. Ita kuwa Alabama sai a 2013 ta yi dokar haɗin gida, ta kuma ƙayyade galan 15 a wata uku. In ƙaramar hukumarku ta haramta giya, ko wannan ɗin babu. Abin dariya, a Tenesi, gundumar da ake yin barasar nan Jack Daniel's tana cikin masu haramcin.

Na kawo wannan ne saboda musun da muke yi a gida. Duk ranar da Hisbah ta fasa kwalabe a Kano, sai wasu su ce ai ƙasar da ta ci gaba ba ta barin jiha ta tsoma baki a abin shan mutane. To ga Amurka nan. Wasu kuma a ɓangarenmu gani suke nan kowa sakaka yake. Su ma su zo su ga dattijo yana auna galan da alƙalami a kunne.

Inda suka fi mu, a ganina, ba sassauci ba ne. Iyakar ce a rubuce da lamba, mai sha da mai ƙyama duk sun san inda take. Mu kuwa tun da wasu jihohin Arewa suka fara ɗaukar shari'a a 2000, doka na faɗin abu ɗaya, Sabon Gari na yin wani, kowa kuma ya sani. Matar da ke dafa burukutu da dawa a Jos ko Kudancin Kaduna, tukunya nawa aka yarje mata? Wa ke duba abin da ke ciki? A wurina haramun haramun ce, ba na neman a halatta. Amma mai kamawa da wanda ake kamawa ya kamata takarda ɗaya suke karantawa.

Bana inabin dattijon ya yi 'ya'ya fiye da kima. Ya cika galan 15 ɗinsa, ragowar ya aiko mana bokiti biyu, maiɗakina ta matse ta haɗa da zoɓo.