Fatiman da ke jikin sunan cocin nan ba Nana Fatima ba ce

Mutane da yawa in suka ga allon cocin Our Lady of Fatima a Kano ko Jos sai su ɗauka wai Nana Fatima 'yar Manzon Allah (SAW) ake nufi, wasu har ransu ya ɓaci. To ba ita ba ce wallahi, Fatima a nan sunan gari ne a ƙasar Fotugal, arewa da Lisbon, kuma wadda 'yan Katolika ke girmamawa a wurin Maryamu ce, mahaifiyar Yesu.

A 1917 wasu yara uku makiyayan tumaki, Lucia da Francisco da Jacinta, suka ce Maryamu ta bayyana musu a wani fili da ake kira Cova da Iria, daga 13 ga Mayu har zuwa 13 ga Oktoba. Nan aka gina ƙaramin ɗakin addu'a a 1919, babbar cocin kuma aka aza harsashinta a 1928 aka keɓe ta a 1953, kaburburan yaran duk suna cikinta. Har yau duk 13 ga Mayu wurin cika yake maƙil, za ka ga dattijuwa tana tafiya a kan gwiwoyinta don cika alwashi, da dare kuma kowa riƙe da kyandir ana ta addu'a.

Sunan garin dai daga Larabci ya samo asali tun zamanin da Musulmi ke mulkin yankin, shi ya sa kunnenmu ya san shi.