Mai gadin fim ba shi da mata ne?

Ranar Asabar da daddare ina teburin mai shayi a Agege, samari sun kunna wani fim ɗin kudu a waya, sai ga mai gadi ya fito da gudu, hula a karkace, rediyo manne da kunne, yana ta "oga, oga" yana kwaɓa Turanci. Kowa ya kwashe da dariya har da ni. Sai wani dattijo mai goro ya ce shi tun da ya zo Legas bai taɓa ganin Bahaushen fim yana da mata ko 'ya'ya ba, get kawai yake buɗewa ya rufe. Maganar nan ta tsaya min a rai.

Ni ba zagin ne ya fi damuna ba, mun saba da "aboki" tun a bakin kwandasta. Lalacin marubucin ne. Ɗan ƙaramin mutum a labari ba kwalliya ba ne, da shi ake auna jarumi, in bai da abin da yake so na kansa to jarumin ma ya zama allon talla.

Ku tuna tatsuniya. Gizo shi kaɗai ai ɓarawo ne kawai, sai an ajiye Ƙoƙi a gefensa tana kallonsa tana gaya masa gaskiya sannan haɗamarsa take fitowa fili har yara su gane. Haka Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da ya fito a 1934, Alhaji Imam ne mai ba da labari, shi ya tafi neman ruwan, amma tambayi duk wanda ya karanta shi a firamare wa ya fi tunawa, wallahi da yawa Malam Zurƙe za su ce. Yau Alhaji ya haɗa masa tuggu, gobe a wani garin ya rama, kuma ta wannan ramuwar ne muke gane Alhajin namu shi ma ba waliyyi ba ne. Cire Zurƙe ka gani, littafin ya koma lissafin garuruwa.

To kada mu yi ta nuna kudu da yatsa, laifi tudu ne. Mu ma a Kannywood ƙawar jaruma aikinta ɗaya, ta zauna bakin gado ta ce "ki yi haƙuri ƙawata", ɗan ƙauye kullum wawa, Bayarabe kuwa in ya fito sai dai ya murɗe Hausa a yi dariya ya wuce, alhali mu da muke haya a gidajensu a Idi-Araba da Mile 12 mun san akwai masu jin Hausa kamar jakin Kano.

Wani zai ce fim awa biyu ne, ina lokacin ba kowa tarihi? Gaskiya ne, amma ba tarihi ake nema ba. Minti ɗaya ya isa. Mai gadin layinmu duk ƙarshen wata yana tsaye wajen mai POS yana tura kuɗin makarantar 'yarsa gida, yana faɗa da yaron kan caji, kuma ya san ƙarfe nawa kowane oga yake dawowa da wanda ya rako shi. Wannan mutumin in ya buɗe get ya yi shiru ma, mai gidan sai ya sunkuyar da kai.