Jinin cibiya da likitar da ba ta gaji da ƙirga ba

A gidanmu idan an haihu, ungozoma ke wanke mabiyiya, a haƙa rami a bayan ɗaki a binne. Ban taɓa kawowa a raina cewa ɗan jinin da ke saura a cibiya magani ne ba, sai da na ci karo da labarin Farfesa Eliane Gluckman, likitar jini 'yar Faransa.

A watan Oktoba na 1988 aka kai mata wani yaro Ba'amurke ɗan shekara biyar, Matthew Farrow, a asibitin Saint-Louis da ke Paris. Cutar Fanconi ke damunsa, wadda ke sa ɓargo ya daina samar da jini. Ƙanwarsa ba ta gaji cutar ba, kuma jikinsu ya dace. Ranar da aka haife ta aka tara jinin cibiyarta, Hal Broxmeyer na Jami'ar Indiana ya daskarar da shi, aka ɗauko a jirgi. Gluckman ta ɗura wa yaron don ya zame masa sabon ɓargo, dashen ya kama, ya warke ya girma. Wannan ne karon farko a duniya.

Ba sa'a ce kawai ba. Tun kafin nan ta lura masu wannan cuta ba sa jure magani mai ƙarfin da ake bayarwa don share tsohon ɓargo, sai ta rage shi sosai. Sannan a harkar dashen ɓargo, babban tashin hankali shi ne baƙo ya far wa mai gida: ƙwayoyin garkuwar da aka dasa su ɗauki jikin majinyaci a matsayin abokin gaba, su afka wa fata da hanta da hanji. Na jariri kuwa ba su san faɗa ba tukuna, don haka wannan fitina ta fi sauƙi da jinin cibiya. Aibinsa dai shi ne jinin bai da yawa, kuma yana jinkirin kamawa.

Amma ni ba "karon farko" ɗin ne ya fi burge ni ba. Mu nan mun iya bikin karon farko: a kira 'yan jarida, a yanka kyalle, bayan shekara biyu ka tambayi ina majinyacin, kowa ya yi shiru. Ita kuwa ta kafa Eurocord, rajistar da asibitoci ke aika sakamakon dashensu, wanda ya rayu da wanda ya rasu, duk a rubuce. A 2017 ita da abokan aikinta suka fitar da bayanin masu sikila 1,000 da aka yi wa dashe daga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da jikinsu ya dace. Sama da kashi 90 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar, kuma ƙananan yara sun fi samun nasara. Da irin wannan lissafi likita ke iya duban idon uwa ya faɗa mata gaskiya. A ganina ma'aunin mai bincike ke nan, ba tarin takardun neman ƙarin girma ba.

Abin ya shafe mu, tunda Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu sikila. Wani zai ce ai gidajenmu cike suke da 'ya'ya, mai bayarwa ba zai yi wuya ba. To, a yi hattara. Shaƙiƙi ake nema, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma damar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu. 'Yan uba ashirin ba lallai su cike wannan gurbi ba. Mai AS dai yana iya bayarwa.

Farfesa Nosakhare Bazuaye ya yi wa mai sikila dashen ɓargo na farko a ƙasar nan a Benin a 2011. Abin da nake jira yanzu shi ne rajista tamu ta ƙasa, mai nuna yara nawa aka yi wa, nawa suka warke, nawa iyaye suka kashe.