Matasan ikilisiya, zaman makokin jiya ya isa haka

A taron farkaswa da aka rufe ranar Lahadin nan a wata majami'a a Sabon Tasha, Kaduna, da mai wa'azi ya yi kira a fito gaba, yawancin waɗanda suka fito sanannun fuskoki ne. Su ne suka fito bara, su ne suka fito a taron matasa na Ista, kuma a kan magana ɗaya. Wani saurayi ya durƙusa yana kuka da majina saboda kuɗin makaranta da ya cinye a caca shekarun baya, abin da mahaifinsa ya yafe tun tuni. Aka yi masa addu'a, aka ɗaga shi. Washegari da hantsi yana kan benci a bakin shagon mai cajin waya, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji cewa da ba don abin da ya faru ba, da yanzu ya gama hidimar ƙasa.

'Yan'uwana, ba kukan nake ƙi ba. Wanda ya yi ɓarna bai ji komai a ransa ba, nasa ciwon ya fi muni. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutum ya mai da nadama sana'a, ya kwana da ita, ya tashi da ita, ya riƙa nuna ta duk inda aka ce masa tashi ka yi wani abu. A ce ga gurbin koyon walda, ya ce ai ni rayuwata ta riga ta lalace. A ce ga fom, ya ce sa'o'ina sun yi nisa. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take. To wane mai hankali ne zai juya wuyansa ya wuni yana neman ganin ƙeyarsa, alhali ga hanya a gabansa?

Manzo Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korantiyawa 7:10. Akwai irin wanda Allah yake so, mai kai mutum ga tuba da ceto, akwai kuma irin na duniya, mai kai wa ga mutuwa. A ido kamarsu ɗaya, duka biyun da hawaye suke zuwa. Inda ake gane su shi ne abin da ƙafa ta yi bayan ido ya bushe. Dubi Yahuza da Bitrus, a dare ɗaya suka faɗi. Yahuza ma ya yi abin da yawancinmu ba mu taɓa yi ba: ya furta da bakinsa cewa ya yi zunubi, ya mayar da azurfa talatin ɗin nan. Amma wurin manyan firistoci ya kai nadamarsa, su kuwa suka ce ina ruwanmu, kai ta shafa. Daga nan sai igiya. Bitrus ya yi kuka mai zafi, amma bai rabu da 'yan'uwa ba, yana cikinsu ranar tashin Ubangiji. A Yahaya 21 Yesu ya same shi a bakin teku, kusa da wutar gawayi irin wadda ya ji ɗumi a gabanta daren da ya yi musun saninsa. Sau uku ya yi musu, sau uku aka tambaye shi ko yana ƙaunar Ubangiji, kuma kowace amsa aiki ne ya biyo bayanta: je ka yi kiwon tumakina. Ba a ce masa ya bayyana dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi ba. Makonni kaɗan bayan haka ya tsaya ya yi wa'azin da mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya. Da Bitrus irin matasanmu ne, da ranar Fentikos yana ɗaki a kwance yana cewa shi bai cancanta ba.

Wannan "ban cancanta ba" ma a duba ta da kyau. Tana kama da tawali'u, amma sau da yawa girman kai ne ya sa rigar makoki. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, zai gafarta mana. Kai ka furta, shi ya ce ya yafe, sai ka ce a'a, naka laifin ya fi ƙarfin jinin da aka zubar a kan gicciye. Wa ya naɗa ka alƙalin ɗaukaka ƙara a kan hukuncin Allah? Wani lokacin kuma lalaci ne tsagwaronsa. Muddin kana makoki ba wanda zai tambaye ka kuɗin cefane, ba wanda zai ce me ka yi yau. Uwa tana tuyar ƙosai a bakin titin Narayi tun asuba, ƙato mai shekara ashirin da takwas yana ɗaki yana jimamin abin da ya faru yana aji biyu a jami'a. Zomo dai ba ya kamuwa daga zaune.

Akwai kuma 'yan'uwan masu makoki, wato masu ado da tsohon zunubi. A ba mutum makirfo ya ba da shaida, ya yi minti ashirin yana lissafa 'yan matan da ya bi da kwalaben da ya sha a unguwar Television, yana murmushi, sai a minti na ƙarshe ya ce sai Yesu ya cece ni. Yara suna zaune suna saurare, abin da suka ɗauka daban. Bulus ya ambaci nasa tarihin a 1 Timoti 1:13, mai saɓo, mai tsananta wa ikilisiya, cikin 'yan kalmomi ya wuce zuwa ga jinƙan da aka yi masa. Kada ma a zo kan masu kiran kansu annabawa, waɗanda suka gane cewa mai nadama kasuwa ce. Za su ce maka la'anar kakanni ce ta sa ka faɗi jarrabawa, ka kawo kuɗin mai da na azumi a karya ta. Kai da ka san ba ka buɗe littafi ba a shekarar nan, me ya haɗa kakanka da sakamakonka?

In da gaske kake, ƙanena, ɗauki biro da takarda ka rubuta abin da ke damunka da sunansa. "Na ɓata rayuwata" ba suna ba ne, shi ya sa ba ya gyaruwa. Rubuta: na ci kuɗin wane, nawa ne. Na bar makaranta a aji kaza. Na yi wa 'yar mutane ciki na gudu. In ka rubuta za ka ga wasu ana biya, wasu ana sakewa, wasu kuwa sun tafi ke nan.

Abin da ake biya, addu'a ba ta maye gurbin biyansa. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24 in kana gaban bagadi da baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Shari'ar Musa a Littafin Firistoci sura 6 ta ce a mayar da abin duka a ƙara kashi ɗaya cikin biyar, wato wanda ya ci naira 50,000 zai kai 60,000. Zakka mai karɓar haraji da kansa ya ce zai mayar ninki huɗu. Ba a ce lallai sai ka yi na Zakka ba, amma kada ka je hannu rabbana. Samu dattijo ɗaya na ikilisiya ya raka ka ya zama shaida, ka riƙe kason farko a hannu ko da dubu biyar ne, a rubuta sauran da ranar da za ka riƙa kawowa kowane wata. Inda ake ɓata abin shi ne a yi alkawarin da ya fi ƙarfin aljihu don kunya, wata na biyu a kasa, a fara kauce wa layin gidan mutumin, laifi ya zama biyu. Saƙon waya na tsakar dare mai cewa "ka yafe mini duk abin da na yi maka" ba neman gafara ba ne. Kuma laifin da ka yi wa mutum ɗaya, wurinsa za ka kai. Kada ka hau gaban jama'a ka tona asirin yarinyar da ta riga ta yi aure don kai ka samu sauƙin zuciya.

Abin da ake sakewa kuwa, makaranta ce kan gaba, kuma a nan ne masu makoki suka fi ba ni haushi, don ƙofar a buɗe take. Kiredit biyar ake nema, da Turanci a ciki, da Lissafi ma a yawancin fannoni. In Lissafi ne ya kayar da kai, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, kuma yawancin makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Sakamakon JAMB na shekararsa ne kawai, saboda haka makin da ka ci shekara biyar da suka wuce, wanda kake ta ba da labarinsa, ba ya shigar da kai ko'ina. Nemi lambar NIN ka sake rajista. Mai aiki ko mai iyali, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyar karatu a nan Kaduna. Wanda kansa ba ya ɗaukar boko, kasuwar Panteka tana nan, yara ƙanana suna koyon walda da kafinta suna ci da kansu. Sai dai kada nadama ta kai ka cibiyar satar amsa, ka wanke laifi da laifi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Mai fama da ƙwaya, kai naka da bambanci. Jikin da ya saba da tramadol ko kodin ba ya saki don an ɗora maka hannu. In ka yanke lokaci ɗaya za ka ga zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci, a nan ne yawanci suke komawa, sai su ce Allah ya ƙi su. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, yankewa farat ɗaya tana iya jawo masa jijjiga. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana kula da masu wannan matsala, zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne. Ka kuma sani, in ka yi watanni ba ka sha ba jikinka ya rage jurewa, komawa kan adadin da ka saba a dā tana iya kashe ka. Haka ma wanda ya yi mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, yana tunanin kashe kansa: wannan ba shi nake wa faɗa ba, ciwo ne, a kai shi wurin likita yau.

Saura abin da ya tafi ke nan. Mahaifiyar da ta rasu kuna fushi da juna, cikin da aka zubar, shekarun da suka wuce. Dawuda ya yi azumi yana kwance a ƙasa yaron da Batsheba ta haifa masa yana ciwo. A rana ta bakwai yaron ya mutu. 2 Sama'ila 12:20 ta ce ya tashi, ya yi wanka, ya shafa mai, ya sake tufafi, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, ya koma gida ya ci abinci. Fadawansa ma sun yi mamaki. Ya ce musu shi zai je wurin yaron, amma yaron ba zai dawo wurinsa ba. Laifinsa ne ya jawo abin, ya sani, Zabura 51 shaida ce. Duk da haka ya tashi, kuma daga wannan gidan aka haifi Sulemanu. Ke ƙanwata da kika haihu a gida, kika daina zuwa sujada shekara uku saboda idon mutane, yaron nan yana girma, yana bukatar uwa mai sana'a mai ɗaga kai. Allahn da ya ce ta bakin Yowel zai mayar da shekarun da fara ta cinye bai cire sunanki ba.

Iyayenmu a garin nan sun ga abin da ya fi namu. Masaƙar KTL ta Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, wasu masaƙun suka bi bayanta, magidanta suka wayi gari ba aiki, da yawa ba a ba su haƙƙinsu ba. Rikicin 2000 ya raba mutane da gidajen da suka gina da guminsu, suka ƙetare kogi suka fara daga ɗakin haya a Romi da Gonin Gora. Waɗannan ba laifinsu ba ne ma. Suka hau acaɓa, suka koma gona, matan suka kama adashi a zumuntar mata, da haka aka biya kuɗin makarantar waɗanda yau suke zaune suna cewa tasu ta ƙare. In da rai da rabo, haka suke cewa, kuma ba a baki kawai ba.

Amma ikilisiya ma tana da nata kason. A dā in aka sa mutum ƙarƙashin horo, ya koma bencin baya, aka hana shi Jibin Ubangiji, kowa ya san horon yana da ranar ƙarewa. Dattawa suna zuwa gidansa da yamma, su zauna a tabarma su buɗe Littafi Mai Tsarki tare da shi, su tambaye shi me yake ci, me yake yi. Ranar da za a maido shi, a gaban jama'ar da aka sanar da laifinsa ake sanar da dawowarsa, a yi waƙa, tsofaffin mata su rungume shi, daga ranar kuma duk wanda ya sake tayar da maganar shi ne mai laifi. Barnaba ya ɗauki Markus bayan ya gudu ya bar su a Bamfiliya, har Bulus da ya ƙi tafiya da shi ya dawo yana cewa a kawo masa shi, yana da amfani a gare shi. Ina masu irin zuciyar Barnaba yanzu? Yau sanarwar horo tana riga fasto isa WhatsApp, ta maidowa kuwa a ofis ake yi a rufe ƙofa. Yarinya ta tuba shekara biyar, ranar da aka kawo kuɗin gaisuwarta sai wata uwa a zumunta ta ja dangin mijin gefe ta ce ko kun san tarihinta. Dattijon da ya karanta sunan yaro a gaban jama'a bai san ƙofar gidansu ba, in ka tambaye shi ina yaron nan ya shiga, sai ya ce ai muna sa shi a addu'a.