In babba ya ce "me kake yi?", ka san abin da za ka faɗa

Ranar Asabar, bayan an shafa fatihar wani ɗaurin aure a unguwar Birni ta Damagaram, ana rabon goro da dabino, na kamo hannun ƙanen wani abokina na kai shi gaban wani Alhaji mai ɗaukar ma'aikata a wata ƙungiyar agaji da ke aiki a ƙauyukan Mirya da Magarya. Yaron nan na san shi ciki da bai. Ya yi lisansi a fannin labarin ƙasa a Jami'ar André Salifou, kuma ya yi wata huɗu yana bin ƙauyuka bisa babur, yana ƙidayar rijiyoyi ta amfani da wayar salula.

Alhaji ya dube shi ya ce, "Samari, me kake yi yanzu?"

Yaro ya sunkuyar da kai, yana murza hularsa. "Wallahi Alhaji muna nan dai, ana ta fama. In da hali a taimaka mana."

"Wane aiki ka iya?"

"Kowane iri, ranka ya daɗe."

Alhaji ya ce Allah ya kawo mafita, wasu suka ja shi gaisuwa. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Rijiyoyin nan, da su ne ainihin abin da mutumin yake neman mai sani a kai, ko sunansu ba a ambata ba. Har na iso gida abin yana cina a rai.

Ƙannena maza da mata, na san inda wannan ya samo asali. An tashe mu da kunya da kawaici, an ce mana yabon kai jahilci ne, yaro ba ya cika baki gaban manya. Tarbiyya ce mai kyau, kada ku yar da ita. Amma wanda aka tambaya ya faɗi abin da ya iya, ba yabon kai ya yi ba, amsa ya bayar. Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da sarkin Masar ya kusantar da shi, cewa ya yi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne, masani. Yana nan a aya ta 55 cikin surarsa. Ya faɗi aikin da yake so, ya faɗi abu biyu da suka sa ya dace da shi, ya tsaya.

"Kowane iri" kuwa ita ce kalmar da na fi so ku cire daga bakinku. Kuna zaton tawali'u ce, alhali kaya ne kuka ɗora wa mai sauraro. Kun bar masa aikin gano wanda kuke, shi kuma mutum nawa ne suka ce masa haka tun safe? Ranar da gurbi ya buɗe, ba zai tuna da mai "kowane iri" ba. Zai tuna da "yaron nan mai rijiyoyi", ko "yarinyar nan da ta riƙe littafin kuɗi na shagon siminti".

Da yawanmu ido yana kan SORAZ, matatar man fetur ta Damagaram, tun da aka buɗe ta a 2011, wasu kuma sun yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, sun ajiye dosiye a ofis biyar ko shida suna jiran kira. Ku ci gaba da ajiyewa. Sai dai takarda tana kwance ne cikin durowa tare da ɗaruruwan irinta, kuma yawancin ayyukan garin nan baki da baki suke tafiya: a bakin masallaci, a gidan suna, a rumfar wani ɗan kasuwa a kasuwar Dole, a cikin motar Yamai inda za ku wuni kujera ɗaya da mutumin da ba ku san ko wane ne ba.

Don haka ku shirya maganarku tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan gaisuwa yadda ta kamata, ka faɗi sunanka da na gidanku ko unguwarku, don a Damagaram da haka ake gane mutum. Ka faɗi abin da ka karanta ko sana'ar da ka koya, a jimla ɗaya. Daga nan sai wurin da ya fi kowanne nauyi, wato abu guda da ka taɓa yi da hannunka, da adadinsa da wurinsa. "Na iya kwamfuta" magana ce da kowa ke faɗa. "Na shigar da sunayen ɗalibai 300 na wata makaranta a Excel, na fitar musu da sakamakon jarrabawa cikin mako ɗaya" kuwa, mai ji yana iya ganin aikin, yana ma iya zuwa ya tambaya. Wanda bai yi lakwal mai zurfi ba shi ma yana da nasa: shekara nawa ka yi a garejin ubangidanka, faranti nawa na hasken rana ka ɗaura, ɗinkin sallah na gida nawa kika gama a kan lokaci. Sannan ka rufe da abin da kake nema, takamaimai, ko da sitaj ne na wata uku, ka nemi izinin karɓar lamba. Duka kada ya wuce rabin minti.

Kada ku ƙara gishiri. Garin nan ƙarami ne, wanda kuka ce kun yi wa aiki a Zango wataƙila surukin mai sauraronku ne.

Ku tanade ta da Hausa, ku tanade ta da Faransanci, mai ɗan Turanci ya ƙara da shi saboda ƙungiyoyin waje da ƴan kasuwar Kano. Ku da kuke zaman fada kowane dare, tsakanin shayin farko da na uku kowa ya tashi ya faɗi tasa, sauran su gyara masa. Za a yi dariya daren farko. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, za ka ji inda kake cewa "kamar dai" sau biyar da inda muryarka ke shigewa ciki. Haka ma saƙon WhatsApp: kada ka tura wa babban mutum sallama kaɗai ka zauna jira, ka rubuta wanda kake, inda kuka haɗu, da abin da ke tafe da kai, duk a saƙo ɗaya.

Shi yaron nan, daren Lahadi muka zauna ƙofar gidansu da biro da takarda. Sau uku yana gogewa kafin ya yarda ya rubuta cewa shi ya ƙidaya rijiyoyin, ba "an ƙidaya" ba. Na kira Alhaji na roƙi arziki, ya ce in kawo shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.