Sammaci ta WhatsApp: aikawa daban, isa hannun mutum daban

Abin da ke ba ni haushi a wannan magana ta aika sammacin kotu ta WhatsApp da Facebook shi ne yadda wasu lauyoyinmu ke ta murna wai an waye, wai yanzu ba mai sake ɓoye wa masinjan kotu. Da ka ce uffan sai su jawo maka hukuncin Kotun Ƙolin Najeriya na 2019 a shari'ar kamfanonin Compact Manifold da Pazan, inda kotu ta amince da saƙon tes. To amma fa sanarwar ranar zama ce aka yi magana a kai, a shari'ar da ɓangarorin sun riga sun shiga suna da lauyoyinsu. Ina haɗin wannan da sammacin farko, wanda mutum bai ma san an kai ƙararsa ba?

Ko a Ostareliya da aka fara wannan abu a 2008, alƙalin Canberra bai yarda da Facebook ba sai da aka yi ta neman mutanen da ake bi bashi a gida aka rasa, sannan lauyoyi suka nuna ranar haihuwa da imel ɗin da ke shafin sun yi daidai da na takardun bashin. Mu nan ina tsoron abin ya koma mai ƙara ya rubuto lamba a takarda, a tura, a ɗauki hoton allo a saka a fayil shikenan.

Don Allah wa ya san wayoyin mutanenmu irin mu? Waya ɗaya a gida, maigida ya fita da ita kasuwa, da dare yara su karɓa suna kallon bidiyo, yaron da ya buɗe saƙo alama ta koma shuɗiya shi ne za a ce wanda ake ƙara ya gani? Ga layin da aka daina amfani da shi kamfani ya sayar wa wani, ga satar waya, ga masu buɗe shafi da sunan mutum da hotonsa. Sannan shekara da shekaru ana ta yi mana wa'azi kar mu buɗe saƙon baƙuwar lamba saboda 'yan damfara, yau kuma a ce takardar Turanci daga baƙuwar lamba ita ce za ta yanke makomar gonar mutum ko gidan gadonsu. Matar da ke ƙauye da sai ranar kasuwa take samun caji da data, a yanke mata hukunci a bayan idonta, sai ranar da aka zo kwasar kaya ta ji labari, kuma kuɗin lauyan da zai nemi a soke hukuncin ma ba ta da shi.

Masu cewa ai manna takarda a bango ma ba tabbas ba su san unguwa ba, takarda a ƙofar gida kafin la'asar mai unguwa da liman da maƙwabta duk sun sani.

Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma ba a sauraron wanda bai san ana nemansa ba. A bar wannan hanya ga manyan da ke shige wa masinja bayan geti da 'yan sanda alhali kullum suna rubutu a shafinsu. Sauran kuwa alƙali ya nemi hujjar cewa layin na mutumin ne, a kira shi a gaya masa da yaren da yake ji, kuma masinja ya taka ya je gidan.