Gumi na'urar nan take aunawa, ba ƙarya take ganowa ba

Tun jiya raina yake a ɓace kan bidiyon wata yarinya da aka zarga da satar kuɗi aka gwada ta da na'urar da ake cewa tana gano ƙarya. An ɗaura mata wayoyi biyu a yatsu, an tambaye ta ko ita ta ɗauki kuɗin, layin da ke fuskar kwamfuta ya yi tsalle, mai gabatarwa ya waiwayo ya ce magana ta ƙare. Dubban mutane kuma suka bi shi suna kiranta ɓarauniya. Wallahi wannan zalunci ne, kuma zaluncin da aka yi da sunan kimiyya ya fi yi mini ciwo, don wanda aka yi wa ba shi da bakin kare kansa.

Jama'a, na'urar nan gumi take aunawa. Shi ke nan aikinta. Tafin hannu da yatsu cike suke da ƙananan hanyoyin gumi, kuma jijiyoyin da ke shirya jiki don gudu ko faɗa su ne ke juya su. Da zarar gaban mutum ya faɗi, gumi ya fara taruwa a hanyoyin nan tun kafin ido ya gan shi. Gumi ruwa ne mai gishiri, lantarki kuwa ya fi ratsa ruwan gishiri da sauƙi. Sai na'urar ta tura lantarki ɗan kaɗan, kamar rabin bolt, wanda ba a ma jin sa, ta auna yadda yake wucewa tsakanin yatsun biyu. Daƙiƙa 1 zuwa 3 bayan abin da ya taɓa ka, layin ya hau. To a ina ƙarya ta shigo cikin wannan lissafin?

Ni da kaina an taɓa ɗaura mini ita a ɗakin gwaji lokacin da nake karatu. Ina zaune shiru, ba wanda ya tambaye ni komai. Malamin ya ce in ja dogon numfashi, na ja, layi ya hau. Ya zagaya bayana ya tafa hannu sau ɗaya, layi ya hau fiye da na farko. Ya ambaci sunan mahaifiyata, ya sake hawa. Sau uku, ban ce uffan ba, balle in yi ƙarya.

Na san me za a ce mini: marar gaskiya ko cikin ruwa gumi yake. Haka ne, ban musa ba. Amma karin maganar bai ce duk mai gumi marar gaskiya ne ba. Ka ɗauki yarinya ka zaunar da ita gaban kyamara, fitilu a fuskarta, ka jefa mata tuhumar sata, sannan ka yi mamakin hannunta ya jiƙe? Tsoro yana kawo gumi. Kunya tana kawowa, fushi ma haka, har da zafin ɗakin. Jin an zarge ka da abin da ba ka yi ba, wannan kam ya fi su duka. Na'urar ba ta da hanyar bambance gumin ɓarawo da gumin wanda aka yi wa ƙage, domin a wurinta duk ruwan gishiri ne.

Kuma masana sun daɗe da sanin haka. Tun 1888 likitan Faransa Charles Féré ya lura cewa fata tana canza yadda take karɓar lantarki idan an motsa ran mutum. Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Switzerland, ya yi amfani da wannan awon a farkon ƙarni na 20, yana karanta wa mutane kalmomi ɗaya bayan ɗaya yana duba wacce ce ke sosa musu rai. Abin da suka gano ke nan, motsin rai. Sai daga baya a Amurka aka haɗa awon gumi da na numfashi da na hawan jini, aka laƙaba wa haɗin suna na'urar gano ƙarya. Ko ita wannan cikakkiyar, a 2003 majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ta fitar da rahoto cewa hujjar da ke bayanta ba ta da ƙarfi, musamman wajen tantance ma'aikata. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, da ya yi shekaru yana sayar wa Moscow asirin ƙasarsa, ya ci gwajin a 1986, ya sake ci a 1991, ba a kama shi ba sai 1994. Ƙwararren maƙaryaci ya wuce lafiya, ita kuma yarinyar da wayoyi biyu kacal aka yanke mata hukunci. Masu cewa ai 'yan sandan wasu ƙasashe suna amfani da ita, su je su karanta yadda kotuna da yawa suke ƙin karɓar sakamakonta, ni ba zan tsaya jayayya a nan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ana zubar da mutuncin awo mai daraja. Ina son wannan fanni, har zuciyata. Ku duba binciken da Antoine Bechara da Antonio Damasio da abokan aikinsu suka wallafa a 1997 a jami'ar Iowa. An ba mutane tarin kati huɗu su riƙa zaɓa, biyu daga ciki asara suke jawowa a ƙarshe. Tun kafin mutum ya iya faɗin wane tari ne mai hatsari, hannunsa ya fara gumi duk lokacin da ya nufi wurin. Marasa lafiyar da gaban ƙwaƙwalwarsu ya samu lahani kuwa, hannunsu bai yi wannan gargaɗin ba, suka ci gaba da zaɓen asara. Ka ga masu bincike na gaskiya: suna maimaita gwaji sau da yawa, suna kwatanta mutum da kansa lokacin da yake cikin natsuwa, suna kula da sanyi da zafin ɗaki, sun kuma san akwai mutanen da fatarsu kusan ba ta amsawa sam. Ba ɗayansu da zai kalli tsalle ɗaya ya kira wani ɓarawo.

Af, tunda maganar ta zo, masu yaro mai farfaɗiya su ji wannan. Lokacin babbar farfaɗiya, awon nan na fata yakan yi tashin da ba a saba gani ba. A kan haka kamfanin Empatica, wanda Rosalind Picard ta jami'ar MIT tana cikin waɗanda suka kafa shi, ya yi agogon hannu da ke haɗa awon gumi da na jijjigar jiki, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018. Idan ciwon ya tashi da tsakar dare, agogon ya aika saƙo wayar uwa ko uba, su taso su juya yaron ta gefe kafin numfashinsa ya toshe. Duk uwar da ta taɓa kwana zaune tana sauraren numfashin ɗanta ta san darajar wannan saƙon. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.